Tarihin Armauer Hansen, likitan da ya fara ganin ƙwayar kuturta

Tarihin da muka ɗauko muku yau na wani mutum ne da bai taɓa taka ƙasar Adar ba, bai san Keita ba balle Bouza ko Madaoua, amma aikin da ya yi ya taɓo wata magana da har gobe ake yin ta ƙasa-ƙasa cikin gidajenmu, musamman in an zo binciken aure. Sunansa Gerhard Armauer Hansen, likita ɗan ƙasar Norwe da ke can arewacin Turai, wanda ya rasu tun 1912. Shi ne mutum na farko da ya ga ƙwayar cutar kuturta da idonsa, abin da ya sa a ƙasashe da dama ake kiran ciwon da sunansa, wato cutar Hansen.

Mu nan Ibohamane da kewaye mun tashi mun iske ana faɗin abubuwa iri-iri game da kuturta. Wani ya ce gado ce, jini take bi. Wani ya ce haɗa kifi da nono ke kawo ta, wani ya ɗora wa naman akuya, wani kuma ya ce sakayya ce ta rantsuwa bisa ƙarya. To ku sani, Turawan zamanin Hansen ma cikin irin wannan duhun suke. Manyan likitocinsu sun kafe kan cewa gado ce, har akwai wani shahararren likita a Ingila, Jonathan Hutchinson, da ya yi shekaru yana kare ra'ayin cewa cin kifin da ya lalace ne tushenta.

Masu cewa gado ce kuwa suna da hujjar da ba ta da saurin turewa. In dai ana ɗaukar ta daga wani, don me mace za ta shekara ashirin tana jinyar mijinta, ta fita lafiya lau? Kuma in ciwon ɗaya ne, don me wani tabo ɗaya ko biyu kawai yake samu, wani kuwa fuska da kunnuwa su kumbure gaba ɗaya? Waɗannan tambayoyi biyu da su Hansen ya kwana da su ya tashi tsawon rayuwarsa. Ya samo rabin amsa, ɗaya rabin ya gagare shi, har neman sa ya kai shi gaban alƙali.

Ɗan Bergen

An haifi Hansen ranar 29 ga Yuli 1841 a Bergen, birni na masunta da ƴan kasuwa a bakin teku, yammacin Norwe. Shi ne na takwas cikin ɗiya 15. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda daga baya jarinsa ya karye, don haka lokacin da yaron ya tafi karatun likita a jami'ar Christiania, birnin da yau ake kira Oslo, sai da ya riƙa haɗawa da aikin koyarwa yana ciyar da kansa. Ya gama a 1866. Ya ɗan yi aiki a babban asibitin ƙasa, daga nan ya tafi tsibiran Lofoten, can arewa mai tsananin sanyi, yana duba masunta. A 1868 ya komo garinsu ya kama aikin kuturta, kuma bai sake shi ba har ƙarshen ransa.

Norwe ta wancan lokaci ba ta san arzikin man fetur da muke jin labarinsa yau ba. Talakawan ƙauyukan bakin teku cikin ƙunci suke, gida ƙarami, mutane da yawa ɗaki ɗaya, sanyi ya kulle su ciki wata da watanni. Kuturtar da ta ja baya a yawancin Turai tun ɗaruruwan shekaru, a wannan yanki sai ƙaruwa take. A 1856 gwamnati ta buɗe rajistar masu cutar, inda ake rubuta sunan kowane maras lafiya da ƙauyensu da danginsa, ita ce kuma rajistar marasa lafiya ta ƙasa baki ɗaya ta farko a duniya. A shekarar farko an ƙirga mutum kusan 3,000. Birnin Bergen kaɗai yana da asibitin kutare uku, mafi tsufa cikinsu shi ne na St. Jørgen, wanda yake nan tun shekarun 1400.

Maigida, daga baya suruki

Babban likitan da Hansen ya iske a wurin aiki shi ne Daniel Cornelius Danielssen, mutumin da duniya ta sallama wa a sanin kuturta. Tun 1847 shi da abokin aikinsa Carl Wilhelm Boeck suka fitar da wani littafi inda suka raba ciwon gida biyu. Akwai mai kumburi, wadda fata ke yin curi-curi a fuska da kunne, gira ta zube, hanci ya toshe, murya ta dishe. Akwai kuma mai kashe jiki, wadda ke fitowa da tabo, wurin ya daina jin zafi ko taɓi, hannu da ƙafa su riƙa macewa sannu a hankali. Ku riƙe wannan rabon, don za mu komo kansa.

Danielssen ya yi imani cewa gado ce, kuma bai tsaya ga faɗa da baki ba. Sau da dama ya ɗebi abin da ke cikin kumburin marasa lafiya ya sa a jikinsa, ya kuma sa wa wasu ma'aikatan asibitin. Ba wanda ya kamu. A ganinsa magana ta ƙare ke nan, abin da aka cusa maka cikin fata bai kama ka ba, ai ba a ɗaukar sa.

Hansen, da bai kai shekara 30 ba, ya ga da sauran magana. A 1870 ya samu tallafin ƙaro ilimi, ya je Bonn ta Jamus da Biyana ta Ostiriya, ya ƙware wajen duba tsokar jiki da madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu. Da ya komo, cikin 1871 da 1872, ya shiga ƙauyukan yamma gida-gida yana tambayar asalin ciwon kowa. Nan ya iske mutanen da duk danginsu babu mai kuturta, amma sun kamu bayan sun zauna gida ɗaya da mai ita. Da ya koma kan rajista kuma, sai ya ga yankunan da aka fi kai marasa lafiya asibiti nan ne sababbin kamuwa suka fi raguwa. Lissafin a fili yake: in gado ce, raba ɗaki ba zai rage ta ba.

Ana cikin wannan saɓani, a watan Janairu 1873, Hansen ya auri Stephanie, ɗiyar Danielssen. A wurinmu suruki ko ido ba a haɗawa da shi balle gardama, shi kuwa ga shi yana neman rushe abin da surukinsa ya gina sunansa a kai. Auren bai yi nisa ba, tarin fuka ya ɗauke amaryar cikin shekarar. A 1875 ya sake aure da Johanne Margrethe Tidemand, suka samu ɗa namiji, wanda shi ma likita ya zama.

Ranar 28 ga Fabrairu 1873

A wannan rana ce Hansen ya yanko ɗan abu daga kumburin wani maras lafiya ya sa ƙarƙashin madubi, ya ga wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu kama da guntayen tsinke, jibge cikin tsokar. Ya sake dubawa a jikin wasu masu kumburi, ya sake ganin su. A 1874 ya rubuta dogon rahoto ga ƙungiyar likitocin ƙasarsa, ya bayyana abin da ya gani da abin da ya tattaro a ƙauyuka. Ku tuna, a lokacin maganar cewa wata halitta da ido ba ya gani ita ke sa ciwo mai daɗewa sabuwa ce fil. Sai bayan shekara tara, a 1882, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka. Likitoci da yawa ba su gamsu da Hansen ba, ciki har da surukinsa.

Abin da suke nema a wurinsa hujja ce iri biyu. Ya raini ƙwayar a wajen jikin mutum ta hayayyafa, sannan ya sa wa mai rai ita ciwon ya fito. Ya gwada rainon ta, ta ƙi. Ya sa wa zomaye, ko gezau. Kada ku ce gazawarsa ce, domin har ranar da muke wannan rubutu babu wanda ya iya rainon ƙwayar kuturta cikin kwalba kamar yadda ake yi wa sauran ƙwayoyin cuta. Sai a 1960 wani likitan Amurka, Charles Shepard, ya samu ta hayayyafa cikin tafin ƙafar ɓera. Akwai kuma wani abu da ya ɗaure wa likitocin zamanin kai: a jikin masu kumburi ƙwayoyin sun yi yawa kamar yashi, a jikin masu tabo da mutuwar jiki kuwa da ƙyar ake ganin ko ɗaya.

A 1879 wani matashin likita daga Jamus, Albert Neisser, ya zo Bergen. Hansen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya nuna masa marasa lafiya, ya ba shi samfurin tsoka ya tafi da shi. Neisser ya iya rina ƙwayoyin cuta da sababbin launuka. Da ya koma gida ya rina su suka fito ɓaro-ɓaro, ya buga sakamakon ba tare da ya ba mai masaukinsa haƙƙinsa yadda ya kamata ba, har wasu suka fara jingina gano ƙwayar gare shi. Abin ya yi wa Hansen ciwo ƙwarai.

Laifin da ya kai shi kotu

Ranar 3 ga Nuwamba 1879 Hansen ya aikata abin da ya zama baƙin tabo a tarihinsa. Ya sa aka kira wata mata da ke jinya a asibitin, Kari Nielsdatter Spidsøen, mai shekara 33, wadda ke da irin kuturtar nan mai kashe jiki. Ya ɗauki ƴar wuƙar aikin ido da ya riga ya soka cikin kumburin wani maras lafiya, ya soke ta da ita a ido. Nufinsa ya ga ko kuturta mai kumburi za ta tsiro a jikin mai ɗaya irin. Bai gaya mata abin da zai yi ba, bai nemi yardarta ba, tana kuka tana turjewa.

Kumburin bai fito ba, amma matar ta sha ciwon ido na makonni. Ta kai kuka wurin limamin cocin asibitin, magana ta hau sama har ta kai kotu. Gaban alƙali Hansen bai yi musu ba, ya amsa cewa bai tambaye ta ba don ya san ba za ta yarda ba. Ranar 31 ga Mayu 1880 kotu ta same shi da laifi, aka tuɓe shi daga muƙaminsa na likitan asibitin. Sai dai hukuma ta bar masa ɗaya muƙamin da yake riƙe da shi tun 1875, na babban jami'in yaƙi da kuturta na ƙasa baki ɗaya.

Mu tsaya nan kaɗan, jama'a. Mace ce talaka, maras lafiya, a hannun babban likitan da ake ji da shi, amma kukanta ya kai inda ya kai. Kyakkyawar niyya ba ta wanke shi ba, girman sunansa ma bai wanke shi ba. Har yau ana kawo wannan shari'a misali in ana maganar haƙƙin maras lafiya: a gaya masa abin da za a yi masa, kuma a nemi yardarsa, ko da kuwa shi ne mafi rauni cikin gari.

Dokoki, Amurka, da ƙarshen tafiya

Tunda ba magani a lokacin, abin da Hansen ya dogara da shi shi ne raba masu ciwo da masu lafiya. Da hannunsa cikin dokar 1877, wadda ta hana a riƙa zagayawa da matalautan kutare gida-gida ana ciyar da su bi da bi, kamar yadda al'adar ƙauyukansu take. Dokar 1885 ta fi tsauri: ko dai maras lafiya ya keɓe da ɗakinsa a gida, ko a kai shi asibiti ko da ba ya so. Mutane da yawa sun soki dokar, suna ganin an mai da ciwo laifi.

Wajen ƙarshen shekarun 1880 ya ƙetare teku zuwa Amurka, ya bi sawun ƴan Norwe da suka yi ƙaura can da kuturta a jikinsu, a Minnesota da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Ya duba ɗiyansu da jikokinsu, bai iske ciwon a cikinsu ba. Jinin dai shi ne, abin da ya sake shi ne zama: gidaje masu faɗi, abinci, da tsabta. Wannan ta zama babbar hujjarsa kan masu cewa gado ce.

A 1897 aka yi babban taron duniya na farko kan kuturta a Berlin, inda aka tabbatar masa da cewa shi ya gano ƙwayar, aka kuma shawarci ƙasashe su bi hanyar keɓewa. Taro na biyu a garinsu Bergen aka yi shi a 1909, shi ya shugabanta. A Norwe yawan masu cutar ya sauko daga wajen 1,800 a 1875 zuwa 575 a 1901. Masana tarihi dai sun nuna cewa raguwar ta soma tun kafin dokokin, kuma kyautatuwar rayuwa ta taka rawa sosai. A wasu ƙasashe kuwa shawarar keɓewa ta zama ƙaya, aka raba mutane da iyalansu har abada. Japan sai a 1996 ta soke dokarta. A ƙasar Hausa ma an kafa matsugunan kutare a ƙarshen shekarun 1930, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato.

Hansen ya tsufa yana yawon duba marasa lafiya duk da ciwon zuciya da ke damun sa. Kan irin wannan tafiya ce ajali ya iske shi a wani ɗan gari na bakin teku mai suna Florø, ranar 12 ga Fabrairu 1912, yana da shekara 70.

Rabin amsar da ya rasa

Abin da ya ɓace wa Hansen da surukinsa, manomin Adar ya san shi tun kaka da kakanni. Irin da aka watsa kan fako ko tsiro ba ya yi, wanda ya faɗa jigawa mai taki kuwa ya yi yabanya. Ƙwayar kuturta iri ce, jikin mutum shi ne gonar, kuma abin da ke tsaron gonar shi ake kira garkuwar jiki. Masana sun ce cikin mutum 100, wajen 95 garkuwarsu na kashe ƙwayar ba tare da sun ma san ta shiga ba. Ga dalilin da ya sa matar mai jinya take fita lafiya, ga kuma abin da ya fi kusa da bayanin yadda Danielssen ya cusa wa kansa ciwo bai kamu ba.

Garkuwar nan kuma ita ke yanke irin kuturtar da za ta fito. A 1919 wani likitan Japan, Kensuke Mitsuda, ya dafa ƙwayoyin suka mutu, ya yi allurarsu cikin fatar marasa lafiya. Bayan mako uku zuwa huɗu, masu tabo kaɗan sai wurin allurar ya yi ƙullutu, alamar jikinsu ya gane abokin gaba ya taso masa. Masu kumburi kuwa shiru kake ji, jikinsu bai ko motsa ba. A 1966 likitoci biyu a Ingila, Dennis Ridley da William Jopling, suka jera nau'o'in ciwon kamar tsani mai hawa biyar. A wannan ƙarshe garkuwa na da ƙarfi, ƙwayoyi kaɗan, tabo kaɗan mai iyaka a fili. A wancan ƙarshe garkuwa ta yi sake, ƙwayoyi sun cika jiki. Mafi yawan marasa lafiya a tsakiya suke, kuma suna iya gangarawa ko hawa. Wato gida biyun da Danielssen ya raba, ciwo ɗaya ne a jiki daban-daban.

Don mu fahimta da kyau, garkuwar jiki tana da mayaƙa iri biyu. Akwai dakarun ƙasa, fararen ƙwayoyin jini da ke zuwa su kewaye abokin gaba su haɗiye shi. Akwai kuma wasu sinadarai da jini ke harbawa kamar kibau. Ita ƙwayar kuturta cikin ƙwayoyin halittar jiki take ɓuya, musamman fata da jijiyoyin da ke kai saƙon ji, inda kibiya ba ta isa. Don haka dakarun ƙasa ne ke da amfani a wannan yaƙi. Mai kuturtar kumburi jininsa cike yake da kibau, amma ba su tsinana masa komai.

Kamar yadda makiyayi ke duba sawu ya san abin da ya wuce, haka masana ke duba alamun da wannan yaƙi ke bari cikin jini da fata. A farkon shekarun 1980 aka gano wani maiƙo a ɓawon ƙwayar da ake kira PGL-1, aka kuma iya auna kibau da jiki ke harba masa. Suna yawa a jikin masu ƙwayoyi da yawa, suna ƙaranci ko a rasa su a jikin masu tabo kaɗan. Saboda haka awon jini shi kaɗai ba ya isa a ce wane na da kuturta ko ba shi da ita, har yau idon ma'aikacin lafiya da hannunsa su ne kan gaba. A nahiyarmu akwai cibiyar bincike mai ɗauke da sunan Armauer Hansen a Adis Ababa ta Habasha, wadda aka buɗe a 1970, kuma garkuwar jiki a kuturta ita ce aikin da ta fara da shi.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani: wani lokaci garkuwar kan tashi da ƙarfi farat ɗaya, ko ana cikin shan magani ko bayan an gama. Tabo ya yi ja ya kumbura, jijiya ta yi zafi, hannu ko ƙafa su yi rauni, ko wasu ƙuraje masu zafi su fito tare da zazzaɓi. Wannan ba ya nufin magani ya ƙi. Yaƙi ne ya yi tsanani har yana neman cin gonar da ake karewa, kuma cikin ɗan lokaci yana iya kashe jijiya. Akwai maganinsa, amma sai an koma gidan likita da gaggawa.

Abin da ya rage gare mu

Hansen ya mutu bai ga magani ba. Sai a 1941 aka soma samun na gaske a Amurka. Maƙwabciyarmu Najeriya ta ba da nata ƙoƙarin: a Uzuakoli da ke kudu maso gabas aka nuna, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dapson ta yi aiki, a can kuma aka fara gwada klofazimin a farkon shekarun 1960. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, dapson da klofazimin da rifamfisin, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su ko'ina a duniya. An sauƙaƙa tsanin nan mai hawa biyar ya koma gida biyu, yadda majo a CSI zai iya rabewa: mai tabo ɗaya zuwa biyar wata 6 zai sha magani, wanda tabonsa ya wuce biyar, ko ciwon ya taɓa jijiya, wata 12. Da an soma shan magani mutum ya daina yaɗa ciwon, don haka ba sauran dalilin raba masa ƙwarya ko fitar da shi bayan gari. Fitsari kan yi ja a ranar shan rifamfisin, fata kan yi duhu saboda klofazimin, duka suna wucewa.

Duk da haka ciwon bai ƙare ba. Kowace shekara ana samun sababbin masu kamuwa wajen 200,000 a duniya. A Nijar, ko da yake tun farkon shekarun 2000 yawan masu cutar ya sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000, har yanzu ana gano ɗaruruwa duk shekara, kuma wasu ba sa zuwa sai hannu ko ido ya riga ya taɓu. Asibitin Danja kusa da Maraɗi tun shekarun 1950 yake wannan aiki. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu kuma ita ce ranar kuturta ta duniya, wadda Bafaranshen nan Raoul Follereau ya assasa a 1954.

Ƙwayar ta hanci da baki take fita, kuma sai an daɗe ana zama kusa da wanda bai shan magani. Gaisawa ko zama tabarma ɗaya a kasuwa ba sa kawo ta, kuma ba a haihuwar jariri da ita. Tana da nawa ƙwarai, takan yi wajen shekara biyar, wani lokaci har 20, kafin ta nuna kanta. Ke nan ɗan bida da ya zauna ɗaki ɗaya da mutane da yawa a Kano ko Abijan ko Libiya yana iya komowa gida ya shekara nawa kafin tabo ya fito. In an samu mai ita a gida, abin yi shi ne a kai sauran mutanen gidan a duba su.

Yatsu kuma ba ƙwayar ce ke gutsure su ba. Jijiya ce ke mutuwa, mace ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta ji ba, namiji ya wuni da hauya ko ya taka ƙaya da tsakuwar dutse bai sani ba, miki ya shiga ya ci har ƙashi. Duk wannan ana iya tare shi in an zo da wuri.

To jama'a, ga abin dubawa. Tabo a fata da ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, in an shafa masa auduga ido a rufe mutum bai ji ba, kada a ce kyasfi ne ko makero a yi ta shafe-shafe. Haka in hannu ko ƙafa na yawan mutuwa, ko an ƙone ba a ji ba. A nufi CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, a Keita ne, Bouza ko Madaoua. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma iyaye masu binciken aure, su sani wanda ya sha maganinsa ya gama ya warke, ko da ciwon ya bar masa alama a hannu, kuma ɗiyansa ba su gaji komai ba. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.